Ranar da Kyamarata Ta Ƙaryata Ni a Challawa

Asabar ɗin da ta wuce wani matashi mai suna Najib ya same ni a shagona na Sharada, ya ce yana so in koya masa ɗaukar hoton tsuntsaye. Na ce masa to, ya zo washegari bayan sallar asuba mu tafi bakin kogin Challawa. Ya zo kuwa, amma da na gan shi sai da na tsaya na sake kallo. Farar shadda ce a jikinsa mai sitaci, tana ƙara in ya motsa. Turarensa tun daga bakin layi na ji shi. Kyamarar da wansa ya aiko masa tana rataye a wuya, babu jaka, babu murfi a gaban gilashin, batir ɗaya tal, shi ma rabi.

Na ce, "Najib, ina sauran kayanka?"

Ya ce, "Malam, ai ba nisa za mu yi ba. Dannawa ce kawai, ko a waya ina yi."

Na fi shekara talatin a wannan sana'a, kuma dannawar nan da yake faɗa ita ce mafi ƙanƙanta a cikinta. Hoton daji da ruwa ana gama rabin aikinsa ne tun a ɗaki, kafin a taka waje. Saboda shi da ire-irensa nake wannan bayani, ku saurara.

Ban fara da kyamara ba. A wata masaƙa ta Bompai nake aiki, sashen rini, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Akwai wani dattijo mai gyaran injuna a wurin, Baba Istifanus, mutumin Filato. Wata rana na je aron sifana a wurinsa, ya buɗe akwatin kayan aikinsa, sai na ga hoto manne a cikin murfin: zalɓe tsaye a ruwa, da kifi a gicciye a bakinsa, har ɗigon ruwan da ke zuba daga wutsiyar kifin ana gani. Na tambaye shi daga wace mujallar Turai ya yanko.

Ya ce, "Bayan kamfanonin Challawa na ɗauka."

Na ce, "Baba, Challawar da na sani, mai warin fata?"

Ya ce, "Ita. Kai hanci kake kai mata, ni ido."

Duk Lahadi in ya taso daga coci yakan ɗaura jaka a babur ya nufi kogi, ranar hutu kuma tun da sassafe. Na roƙe shi ya riƙa tafiya da ni. Ya yarda, amma wata huɗu cur ban taɓa kyamara ba. Aikina ɗaukar jaka da ƙafa-uku, wato ƙarfen nan da ake ɗora kyamara a kai don kada hannu ya girgiza ta. Tasa ta zamanin da ce, mai nauyin tsiya. Muna ratsa gonaki da ita, muna tsallake kwata, kafaɗata har kanta ta yi. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ce, "Sabi'u, kayan da ba za ka iya ɗauka awa uku ba, ba naka ba ne, ko da kai ka saya. Ina so ka san nauyin kowane abu kafin ka fara sha'awarsa."

Ranar da ya fara miƙa mini kyamara ban riƙe ta minti goma ba. Na sunkuya zan gyara takalmi, na ajiye ta a kan rairayi. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauke ta, ya hure ta da ɗan famfon robar da yake yawo da shi, ya mayar jaka, kuma ban sake ganinta ba sai bayan wata guda. Daga baya ya nuna mini wani tsohon lens, gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda in ka murɗa shi za ka ji yana gurzawa kamar ana niƙa. Ya ce tsabar yashi biyu ce ta yi masa haka. Har yau in na ga mutum ya ajiye kyamara a ƙasa, ko yana goge gilashi da bakin rigarsa, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ana hurewa tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi wanda ba ya wani aiki sai wannan.

Lokacin fim ake sawa, hoto talatin da shida, in ya ƙare ya ƙare. Baba yakan ba ni guda ɗaya ya ce sai ya kai ni sati uku. Dole ka zauna ka jira tsuntsu ya juyo, haske ya faɗa a idonsa, sannan ka danna. Yanzu kuna ɗaukar dubu kafin hantsi, ku dawo babu ko ɗaya na bugawa.

Da masaƙar ta rufe, Baba ya koma gida Filato, ya bar mini ƙafa-ukun nan. Ni kuma na kama hoto gadan-gadan. Masu sayen aikina ba su da yawa, amma suna nan: masu buga kalanda, masu otal da ke son abin ratayewa a bango, da malaman jami'a masu nazarin tsuntsaye.

Wani aiki da na yi wa ɗaya daga cikin malaman nan, wata Dakta Hadiza, shi ya koya mini abin da sanyin mota ke yi. Ta ji labarin an ga gauraka biyu a wata fadama can bayan Kumbotso, tsuntsun da ya yi wuyar gani a wajenmu. Ta ɗauke ni a motarta, na'urar sanyi a kunne tun daga Sharada, ni kuma na fito da kyamara na ɗora a cinya wai in kasance a shirye. Muna isa muka gan su, suna taku a cikin ciyawa, tukkunsu na sheƙi. Na buɗe ƙofa na ɗaga kyamara, ban ga komai ba sai fari fat. Gilashin ya yi sanyi, ya haɗu da ɗumin damina, ya yi gumi ciki da waje. Na goge, ya sake yi. Dakta tana cewa a hankali, "Malam Sabi'u, ka samu? Ka samu?" Kafin gilashin ya washe wani mai shanu ya ɓullo, suka tashi. Ba mu sake ganinsu ba a shekarar. Tun daga ranar, in zan shiga mota mai sanyi, kayana suna cikin jaka a rufe, in kuma da hali a kashe sanyin tun da sauran tafiya.

Maganar zaɓen kaya, kada kowa ya ruɗe ku da girma. Na ga wani ɗan kasuwa ya sayi lens mai tsawon tabarya, ya fita da shi sau biyu, yanzu yana cikin sif. Ku nemi kyamara ta hannu mai lafiya, ƙarfinku ku sa shi a lens, don kyamara tana tsufa da wuri, gilashi mai kyau kuwa yana iya kai ku ritaya. In za ku sayi na hannu, ku cire murfi gaba da baya, ku haska tocila ta ciki ku duba. In kun ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ku ajiye ku yi gaba komai arharsa. Lens biyu sun isa: dogo na tsuntsu, gajere na fili da ruwa. Batir uku, a cika su tun jiya. Memori biyu, a kwashe abin da ke ciki tun a gida, kuma kada ku sayi na bakin titi. Leda babba saboda ruwan sama. Ruwan sha. Tufafi masu launin ƙasa ko ganye, waɗanda ba sa ƙara, ba turare.

Jakar ma kada ta zama mai tallan abin da ke cikinta. Tawa tsohuwar jakar goyo ce, na jera soso a ciki. In za ku hau adaidaita sahu, ku raba dogon lens da kyamara, ku rungume jakar a cinya, don ramin titin Challawa guda ɗaya ya isa ya karya wurin da suke haɗuwa. Sannan ku san inda kuke. Unguwannin nan na kamfanoni ne, kowace ƙofa da masu gadi. Na taɓa naɗe ƙafa-ukuna a buhu na ratayo shi ta bayan wani kamfani a Sharada ina bin shirwa, sai ga masu gadi uku da sanduna, sun ɗauka bindiga ce. Sai da na kwance buhun, na kafa ta a gabansu, na bar kowannensu ya leƙa ta cikin kyamara ya ga shirwar a kan falwaya, sannan suka sake ni. Laifina ne. Tun daga nan ba na shiga wuri sai na yi sallama da mai gadi, a ƙauye kuma sai na gaida mai unguwa.

Ta wannan gaisuwar na san Malam Garba. Masunci ne a wani ƙauye da ke ƙasa da kamfanonin, a bakin kogi, dattijo siriri mai ƙarancin magana. Yana da kwale-kwale ɗaya da ya gada, an yi masa faci da gwangwani a gefe. Shi yake tsallakar da ni zuwa wani tsibirin rairayi inda kirinjijiya ke sauka. Ya san lokacin zuwan kowane tsuntsu fiye da malaman jami'a. In na ce yau zalɓe nake nema, sai ya dubi ruwa ya ce, "Ba yau ba, ruwan ya yi kauri. Jibi." Jibin kuwa sai ga shi. A cikin jirginsa na koyi ɗaure jaka a jikin katako da igiya, da sa komai a leda biyu.

Yanzu ga shekarar da nake so ku ji da kyau.

Daminar ta yi ruwa sosai, ɗakin da nake ajiye kaya ya fara tsattsafo ban lura ba. Jakar tana jingine da bango, a rufe, kusan sati uku ina fama da zazzaɓi. Da na warke na buɗe ta, warin ruma ya buge ni. Na haska dogon lens ɗina da tocila, sai na ga fumfuna ta yi reshe a ciki kamar saiwar ciyawa. Na zauna a ƙasa ina kallo. Lens ɗin da na yi shekara tara ina ci da shi ke nan. Kuma na san ƙa'idar sarai: ba a barin kaya a rufe a jaka da damina, ana fitar da su su sha iska, a ajiye su a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Na sani, ban yi ba.

Na kai shi wurin mai gyara, ya ce sai an aika Legas. Ita kuma kyamarar na goge ta, na cire mata batir kamar yadda ake yi in za a daɗe ba a yi aiki ba, na sa ta a roba na rufe. Ta yi sama da wata biyu a haka. Kalandar shekarar ta wuce ni, wani mai otal da muka yi magana da shi ya ba wani aikin.

Wata safiya, na idar da sallar asuba ke nan, waya ta yi ƙara. Malam Garba ne, mutumin da bai taɓa kirana ba sai dai ni in kira shi.

Ya ce, "Malam Sabi'u, ka zo da na'urarka yanzu."

Na ce, "Lafiya, Malam? Ai dogon gilashina yana wurin gyara."

Ya ce, "Ba tsuntsu ba ne. Ba ka bukatar dogo. Ka zo kawai."

Na buɗe robar, na ɗauko kyamara, na ɗaura gajeren lens, na zura batir. Da na kunna, wani rubutu ya fito a fuskarta yana tambayata wani abu. Ban tsaya karantawa ba, na danna ya wuce, na duba memori na ga da wuri, na fita.

Tun kafin in sauka daga babur na ji warin, ba irin na fata da muka saba ba, wani mai shiga ido. Da na isa gaɓa na tsaya cak. Ruwan ya koma wani launi tsakanin shuɗi da baƙi, da kumfa a kai. Kifi kuwa, iyakar ganina, ciki sama. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, manya da 'yan ƙanana kamar yatsa, sun taru a bakin gaɓa har ba ka ganin ruwan da ke ƙarƙashinsu. Tarwaɗa da ke rayuwa a cikin taɓo, ita ma ta mutu. Ga balbela biyu a kwance a ciyawa, ɗaya tana ɗan motsa fiffike. Mutanen ƙauyen suna tsaye jere, maza da mata. Wata tsohuwa tana korar jikokinta daga kifin da sanda.

Na yi shekaru ina ɗaukar wannan ruwa, amma sai da Malam Garba ya taɓa kafaɗata na tuna abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Wannan ne karo na uku, amma bai taɓa kai haka ba. Duk lokacin da muka kai kuka sai a ce mu kawo shaida. Kafin a zo dubawa ruwa ya tafi da komai. Yau kai ne shaidarmu."

Ya sa ni a jirgi, yana ture kifi da filafili, muka hau sama har inda wani bututu ke fitowa daga ƙarƙashin katangar wani kamfanin jima. Ba zan faɗi sunansa ba, ya ma canza hannu tun tuni. Ruwan yana kwarara daga bakin bututun, da tururi. Na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na ɗauki bututun da katangar a hoto ɗaya yadda ba mai musun wurin. Na ɗauki inda baƙin ruwa ya haɗu da na kogi. Na ɗauki kifin daga nesa da kusa, da balbelun, da mutanen. Na sauka a tsibiri na ɗauki Malam Garba tsaye a jirginsa, kifi kewaye da shi. Da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari kogin ya share kusan komai.

Mai unguwa ya kai ƙara, aka sa ranar zama bayan kwana goma, a wani ofis, gaban jami'i mai kula da muhalli. Na buga hotuna ashirin manya. Muka je da mai unguwa da Malam Garba da wasu dattawa biyu. Ɓangaren kamfani manaja ne ya zo, da wani saurayi mai kwamfuta a jaka. Na baza hotunan a tebur. Jami'in ya ɗauki na bututun ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya mayar. Na ga manajan yana share goshi.

Sai saurayin ya ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ko za a ba mu memorin mu gani? Takarda kowa yana iya bugawa."

Na ciro na ba shi da hannuna, har ina jin daɗi. Ya sa a kwamfuta, ya danna nan ya danna can, sannan ya juyo da ita wajen jami'in.

"Kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, kyamara ce take rubutawa da kanta. Ga shi nan. Waɗannan hotunan shekara shida ke nan da ɗaukarsu. A lokacin mu ba mu ma karɓi kamfanin ba."

Na ce, "Ba zai yiwu ba. Kwana goma ke nan."

Ya ce, "Baba, ba ni na rubuta ba. Kyamararku ce."

Na matsa na duba. Ga hotona, ga Malam Garba a jirgi, ga kwanan wata a gefe: ranar farko ta watan farko, shekara shida baya, ƙarfe sha biyu da wani abu. Na buɗe na gaba, haka. Na gaba, haka. Sai a lokacin rubutun nan na safiyar ya dawo mini. Kyamara tana da ɗan ƙaramin batir a cikinta wanda ke riƙe agogo. In ta daɗe babu babban batir, shi ma sai ya mutu, agogon ya koma ranar da aka ƙera ta. Abin da take tambayata ke nan: in saita kwanan wata. Aikin daƙiƙa ashirin.

Na yi bayani. Na ce a dubi hasken, wannan hasken safiya ne, ba na sha biyu ba. Na ce a dubi ciyawa kore shar, watan farko na shekara ina aka ga irinta a Kano? Jami'in ya saurare ni har ƙarshe, kuma na ga alamar ya yarda da ni. Amma ya ce, "Malam, na ji ka. Sai dai in na rubuta rahoto a kan wannan, lauyansu zai yaga shi a zama ɗaya. Ka ce agogon ya yi kuskure a shekara, su kuma za su ce to me ya sa za a yarda da sauran? Na aika an ɗebo ruwan, amma bayan ruwan sama ne, bai nuna abin kirki ba. Ku kawo mini abin da zan iya tsayawa a kai."

A waje mai unguwa ya dube ni ya ce, "Yanzu duk wannan a kan agogo?" Malam Garba ya tattara hotunan da aka bari a tebur, ya daidaita gefensu, ya miƙo mini. Ya ce, "Allah bai nufa ba," ya hau bayan babur ɗin ɗansa suka tafi.

Labari ya bazu cewa na kai tsofaffin hotuna don a ci kamfani. Wani kamfanin abinci da nake yi wa kalanda ya daina ɗaukar wayata. Masu gadin da muke gaisawa suka fara cewa in matsa daga jikin katanga. A ƙauyen ba wanda ya zage ni, amma in na yi sallama a daƙile ake amsawa, kuma wannan ya fi zagi.

Da lens ɗina ya dawo, na ajiye neman tsuntsu. Na saita agogon kyamara da na rediyo. Duk safiyar da na samu hali sai na je bakin bututun nan ta ɓangaren gonaki, in sayi jaridar ranar, hoton farko in ɗauke ta a riƙe da katangar a bayanta, sannan in ɗauki ruwan. Yawancin ranaku babu komai. Haka na yi har rani ya shiga, damina ta sake zagayowa. Malam Garba ban cika ganinsa ba, aka ce kifi ya yi ƙaranci, yana zuwa can nesa.

Sai da aka yi wata goma sha ɗaya kamfanin ya sake sakin baƙin ruwan. Bai kai na farko ba, amma ya isa. Wannan karon ina wurin tun ruwan yana fita, da jarida, da kwalabe uku masu tsabta, na kuma kira Dakta Hadiza ta zo da ɗalibanta suka ɗebi ruwan a gaban mai unguwa. A zaman da aka yi saurayin nan ya sake karɓar memori, ya duba, ya rufe kwamfutarsa. Aka rufe bututun da kankare, aka sa su gina wurin tace ruwa. Bayan shekara biyu na sake ɗaukar zalɓe a wannan gaɓar.

Ranar da aka zuba kankaren na je ƙauyen in gaya wa Malam Garba, aka ce ba ya nan, yana wurin aiki. Na ce wane aiki? Aka kwatanta mini wani kamfanin fata, ba wancan ba, na gaba da shi. Na jira a bakin ƙofa har aka tashi. Ma'aikata suna ta fitowa, ban gane shi ba sai da ya tsaya a gabana: takalmin roba har gwiwa, safar hannu a aljihu, hannayensa sun yi fari-fari saboda ruwan jima.

Na ce, "Malam, an rufe bututun."

Ya ce, "Na ji. Madalla. Allah ya saka."

Na ce, "To sai a koma ruwa."

Ya ce, "Da me? Na sayar da jirgin tun bara, da koma, da komai. Wata bakwai ina fita ina dawowa da abin da bai cika kwano ba. Gida ba ya jira."

Motocin ɗaukar fata suna wucewa. Na fara cewa, "Malam, da na tsaya na karanta abin nan..." sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ba wannan ba. Wata tambaya ce da ni. Hotunan nan da aka ce na ƙarya ne, suna nan?"

Na ce suna nan.

"Akwai wanda jirgin ya fito sosai? Har facin gefen?"

Na ce akwai.

Ya ce, "Ka kawo mini ɗaya. Autana ya fara wayo, shi a wurinsa ni ma'aikacin kamfani ne. Na gaya masa ni da kakansa a ruwa muka tashi, yana yi mini dariya."

Na buga masa mafi girman da injin ke iya bugawa, na sa a firam, na kai masa gida ranar Juma'a. Ya karɓa da hannu biyu, ya jingina shi da bango, ya tsuguna yana kallo. Ya kai yatsa kan facin gwangwanin, ya ce shi da mahaifinsa suka buga shi. Sannan ya kira yaron daga cikin gida.

Yaron ya zo ya duba, ya dubi ubansa, ya sake duban hoton. Ya ce, "Baba, duk wannan kifin kai ka kama?"

Malam Garba ya matsa masa wuri. Ya ce, "A'a. Zauna in gaya maka."